Tsofaffin Takubba a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama: Hanyoyin Tantance Su da Darasi daga Japan

1.0 Gabatarwa

Da wuya a rasa tsohon takobi a gidan sarauta ko gidan da ya gaji yaƙi a ƙasar Hausa. Yawanci yana rataye a turaka ko yana kwance cikin adaka, ba a fito da shi sai ranar hawan salla ko ranar naɗi. In aka tambayi mai shi shekarunsa, amsar ba ta wuce cewa na kaka da kakanni ne. Wannan amsa ba ta isar manazarci, ba ta kuma tsare takobin daga hannun dillali.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abin da ake kira takobi ɗaya abu uku ne a haɗe: ruwan takobin, da kayan da aka ɗaura masa, watau ƙota da kube da hamila, sa'an nan da labarin da ke tafe da shi. Kowanne yana da shekarunsa, kuma kowanne da hanyar da ake auna shi. Za a ɗauki ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, cikin masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, a matsayin fagen nazari, a kuma waiwayi Japan, domin mutanenta sun yi nisa ƙwarai wajen tsara ilmin tantance takubba.

2.0 Matsayin Yankin a Tarihi

Dalili biyu suka sa wannan yanki ya cancanci nazari: yaƙi da kasuwa. Ta fuskar yaƙi, a nan ne Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai masa yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804. A 1805 aka ci Birnin Kabi, a shekarar kuma aka gwabza a Alwasa, inda Azbinawa suka taya Gobirawa da Kabawa. Bayan da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a 1849, gaba tsakanin Gwandu da Argungu ba ta ƙare ba sai da Turawa suka zo. A cikin wannan gaba ne Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen fama a 1860. Baka da kibiya su ne makaman yawancin dakaru, takobi kuwa ya fi yawa a hannun barade da masu sarauta, shi ya sa gidajensu ne mafarin bincike.

Ta fuskar ciniki, Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, ta kuma zama babbar kasuwa a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya kuma ratsa Gwandu a 1853, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kamar 50,000 ke shiga Kano kowace shekara, yawanci ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. Ta Sahara ake kawo su tsirara, maƙera da dukawa na gida su yi musu ƙota da kube, daga nan su bazu kasuwanni. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da takobin da aka ƙera ruwansa a Jamus, aka yi masa ƙota a Kano, aka kuma sake masa kube a Jega bayan shekara hamsin.

3.0 Abin da Sunaye Ke Nunawa

Harshe ya riga ya adana wani ɓangare na ilmin tantancewa. Kalmar takobi 'yar'uwar takoba ce ta Azbinawa, kansakali kuwa ta yi kama da kashagar ta Barebari. A cikin jerin kalmomin yaƙi da J. P. Smaldone ya kawo a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato akwai waɗannan:

(a) tamogashi, takobi mai layi uku a tsawon ruwansa;
(b) dunhu, wanda ba shi da wata alama;
(c) bisalami da hindi, masu lanƙwasa da kaifi ɗaya;
(d) lafaranji da almulku, masu kaifi ɗaya;
(e) fate-fate, mai faɗin ruwa.

In aka lura za a ga cewa mutanen da sun rarrabe takubba ta hanya uku: ta siffa, ta alama, da ta asali. Hindi tana nuni ga ƙasar Hindu, lafaranji kuwa daga kalmar Larabci take mai nufin Bature. Abin da aka rasa shi ne rubuta wannan sani da gwama kowane suna da takobin da ake gani a hannu. Yau matashi na iya riƙe da tamogashi a ranar hawa bai san sunansa ba.

4.0 Tsarin Japanawa

Takobin Japan, wanda aka fi sani da katana, mai lanƙwasa ne, mai kaifi ɗaya. Ƙotarsa tana cirewa, domin ɗan tsinken gora ne kawai ke riƙe da ita. In aka zare ta sai a ga jelar ƙarfen da ke shiga ciki, inda maƙeri kan sassaƙa sunansa, wani lokaci har da garinsa da shekarar ƙira. Ba a taɓa goge tsatsar wannan jela, saboda launinta shaida ce ta shekaru. Masana kan dubi lanƙwasar ruwan, da zanen da ninkin ƙarfe ya bari a jikinsa, da layin da ke bin kaifi wanda horon wuta da ruwa ya haifar, su gane zamani da gidan ƙira ko da babu suna. Sun kuma san sunan jabu ya yi yawa, don haka aikin ne ke gaskata suna.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 16 gidan Hon'ami ke ba da takardun shaidar takubba. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka tattara takubba masu ɗimbin yawa, wasu aka lalata, wasu aka fita da su. A lokacin ne shahararren takobin nan Honjo Masamune ya ɓace, bayan an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokiyo a ƙarshen 1945. Wannan hasara ce ta sa aka kafa ƙungiyar adana takubban fasaha ta Japan a 1948, wadda har yau take duba takubba tana ba su takardu daraja-daraja. Doka kuma ta wajabta a yi wa kowane takobi rajista.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, Japanawa suna auna ruwa dabam, kayan ɗauri dabam, har akwai masu tara ƙarfen kare hannu kaɗai, wanda suke kira tsuba. Na biyu, ba su yarda gyara ya shafe shaida ba. Sai dai ba za a kwafi tsarinsu dungum ba, domin maƙerin Hausa ba ya sa sunansa, kuma jelar takobin Hausa a dake take a ƙarshen ƙota, ba ta fita sai an yi ɓarna.

5.0 Tantance Takobin Hausa

5.1 Ruwa

Takobin da aka fi sani a wannan yanki miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, da kwarmi ɗaya ko uku a tsawonsa. Ana iya kasa ruwansa gida uku. Akwai na Turai, wanda ƙarfensa ke da tsabta, kwarminsa ya tafi sak, in an ɗan tanƙwara shi kuma ya koma daidai. Akwai na tama, wanda aka narka aka ƙera a gida, da akan ga sawun guduma da ɗigon kashin maƙera a jikinsa. Akwai kuma na ƙarni na 20, wanda aka yi da sifirin mota ko wani ƙarfen masana'anta, kwarminsa marar zurfi, sau da yawa da sawun injin washi.

Alamomin da ake gani sun haɗa da siffar kyarkeci a guje, da jinjirin wata mai fuskar mutum, sau da yawa biyu a jere. L. C. Briggs ya yi nazarin irinsu a takubban Azbinawa a 1965. Amma kama da wane ba ta wane. Maƙeran Solingen da kansu daga garin Passau suka ari alamar kyarkeci, maƙeran Agadas da na ƙasar Hausa kuma suka kwaikwayi jinjirin wata har ya zama adon da mai saye ke nema. Alamar asali takan nutse sosai da tsari, domin da hatimin ƙarfe aka buga ta lokacin ƙira, ta kwaikwayo kuwa takan zo sama-sama. A nan ma ƙa'idar Japanawa ta yi aiki: a fara duban ƙarfe kafin alama.

Amfani ma yana barin shaida. Ruwan da ya sha washi shekara da shekaru yakan tsuke wajen tsini, kwarminsa ya kusa shafewa. Wani kuma akan tarar an haɗa gindinsa da faranti biyu na ƙarfe an dake da ƙusoshi, alamar ruwa ne mai daraja da aka ƙi yarwa.

5.2 Ƙota, Kube da Hamila

Ƙota aikin maƙeran baƙi ne da na fari. Ƙarfen da ya gitta tsakanin ruwa da hannu akan lulluɓe shi da fata ko tagulla mai zane. Dunƙulen ƙarshen ƙota a tsofaffin takubba yakan zama babba, mai kama da ƙwai, na baya kuwa akan jera faya-fayan tagulla da jan ƙarfe su tashi da tsini. Alminiyam ko roba shaidar ƙarni na 20 ce. In an ga azurfa, ba bidi'a ba ce, domin malaman Malikiyya sun halatta wa namiji yi wa takobinsa ado da ita.

Kube aikin baduku ne. Tsohon aiki da fatar akuya ake yinsa, wadda aka jeme da bagaruwa, aka rina ja da karan dafi, aka yi mata ado da korino. Launin galura mai ƙyalli da ɗinkin keke suna nuna sabon aiki. Fata ba ta da ƙarkon ƙarfe, ga gara ga damina, saboda haka ruwa ɗaya kan ci kube uku ko huɗu. Hamila ta fi kube saurin mutuwa. Sabon kube bai rage wa tsohon ruwa kome ba, tsohon kube kuma bai tsufar da sabon ruwa ba.

5.3 Labari

Abin da takardar Hon'ami take ga takobin Japan, shi ne riwayar gida take ga takobin Hausa. Ana auna ta da tambayoyi: wane ne ya fara riƙe shi, ta yaya ya same shi, ganima ce ko kyautar sarki ko saye, hannu nawa ya ratsa, kuma zamanin wane sarki? Alal misali, in wani gida a Maiyama ya ce kakansu ya riƙe takobi zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, sai a ƙirga iyaye a ga ko sun kai can. In ruwan na Turai ne, ƙotar alminiyam ba ta rushe labarin, gyara kawai ta nuna. In kuwa ruwan sifirin mota ne, mai yiwuwa na asali ya salwanta, labarinsa ya koma kan magajinsa. Ko a haka riwayar tana da amfani, sai dai a rubuta ta a matsayinta.

6.0 Abubuwan da Ke Barazana

Barazana ta farko gyaran gangar Azbinawa ce. Ana gab da salla sai a kai tsohon takobi wurin mai injin washi don ya yi ƙyalli, cikin minti kaɗan alamar da ta shekara ɗari biyu ta tafi. Abin da ya kamata shi ne a share ƙura da tsumma mai laushi, a shafa mai kaɗan, a ajiye wuri busasshe. Japanawa ma ɗan mai suke shafawa mai ƙanshin kanumfari. In an sake kube, a adana tsohon.

Ta biyu ita ce rabon gado da sayarwa. Takobi ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi, in babu magajin da zai ɗauka ya tafi kasuwa. Ranar da ya bar gida ya rabu da labarinsa, ya zama ƙarfe kawai a hannun baƙo. Ya kamata a sani cewa Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba da takarda ba. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kira kayan tarihi.

7.0 Kammalawa

Nazarin da A. D. H. Bivar ya buga a 1964 kan makaman Jihar Arewa ya fi mai da hankali ga kayan manyan fadoji, irin su Gajere na Katsina. Takubban hakimai da dagatai da gidajen barade suna nan suna jiran mai rubuta su. Aikin bai bukaci a raba kowa da gadonsa ba. Abin da ake bukata rajista ce: hoton takobi da alamominsa, awon tsawo da faɗi, sunan da masu shi ke kiransa, da riwayar gida daga bakin dattawa, a ajiye kwafi a gidan tarihin Kanta na Argungu ko a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibin da ya ɗauki gunduma ɗaya a Jega ko Aliero ko Maiyama ya sami abin rubuta kundi. Ruwan takobi zai iya jiran wani ƙarni in an shafa masa mai, amma dattawan da suka san labarinsa ba za su jira ba.