MOTAR IYALI A DAMARGU: ABIN DA MASU ITA KE CEWA

Duk wanda ya tashi daga Damagaram ya kama hanyar Agadas, idan ya yi tafiyar kilomita kamar 50, zai hangi matatar mai ta SORAZ a cikin ƙasar Ollelewa. An buɗe ta ran 28 ga watan Nuwamba 2011, an kuwa gina ta don ta tace ganga 20.000 kowace rana. Kaso mai yawa na fetur da gazuwal da motocin Nijar ke sha daga nan yake fitowa. Amma a garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Bakin Birji da Sabon Kafi da Ollelewa kanta, masu motar kansu ƙidayayyu ne: wani ɗan kasuwan hatsi, wani dillalin dabbobi, wani ma'aikacin gwamnati.

Motar irin waɗannan mutane kuwa ba tasu ba ce su kaɗai. Ita ke kai amarya, ita ke kai masu gaisuwar mutuwa, ita ake bugo wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama, a ɗauki mace zuwa likita a Tanut ko Damagaram. Motar da ta mutu a daji a irin wannan dare tana iya tafiya da rai biyu. Saboda haka maganar ƙarkon mota a Damargu ba hirar nishaɗi ba ce. Bari mu duba abin da masu motoci ke cewa, da dalilin kowanensu.

ZAMANIN FIJO

Dattawa da yawa har gobe ba su yarda akwai motar da ta kama ƙafar Peugeot ba, wadda muke kira Fijo. Ƙirar 404 ta fito a 1960, ƙirar 504 ta biyo ta a 1968, ta kuma ci lambar motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. A 1971 aka fito da doguwarta, mai layin kujeru uku, wadda ake ce wa familiyal. A 1975 wata 504 ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya, inda ake gudu cikin laka da ƙura da duwatsu.

Ta hanya biyu Fijo ta cika ƙasarmu. Ta farko daga kudu. A 1975 aka soma haɗa ta a Kaduna, kayanta kuwa a farkon lamari jirgin sama ke kwaso su daga birnin Liyon na Faransa ya sauke a Kano. Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar mutane a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen shekara 30. Hanya ta biyu daga arewa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su ratso Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sayar da ita a Arlit ko Agadas ko gaba, su koma gida da kuɗin jirgi. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, da rikici ya tashi a Aljeriya da arewacin Nijar.

Me masu Fijo suke yabo? Abu uku. Na ɗaya, tana da tsawo daga ƙasa, kuma ƙafafunta suna da laushi, ba ta jin gargada. Na biyu, tayun baya ke tura ta, saboda haka idan an loda mata buhunan hatsi sai ta ƙara kama ƙasa. Na uku, wanda ya fi duka, injinta ba shi da ɓoyayyen abu. Bakaniken ƙauye, da sifana da filaya da ɗan guntun waya, yana iya kwance kafireto ya wanke, ya goge buji, ya tashe ta. Kayan gyaranta kuma suna nan jibge a Damagaram, abin da aka rasa a aika Ƙofar Ruwa ta Kano.

Amma ko masoyanta sun san aibinta. Tsohuwar Fijo mashayiya ce, ba ta ƙoshi da mai. Jikinta ya gaji, ƙofofi sun saki, kayan gyara na asali sun yi wuya tun da aka daina ƙera ta, na jabu sun cika kasuwa. Masu riƙe da ita sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƴaƴansu kuwa sukan amsa cewa zumar ta kusa ƙarewa a tulu.

MASU TOYOTA

Kashi na biyu su ne waɗanda suka koma ga motocin Japan, musamman Toyota. Ga mai hali, ba shi da buri sai Land Cruiser ko Hilux, masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ake kira kat-kat. Land Cruiser ƙirar 70, wadda ta fito a 1984, ta yi suna ƙwarai, balle mai injin gazuwal na silinda 6 da aka soma sa mata a 1990. Masu ita sun ce wanda harkarsa ke kai shi Belbeji ko Gangara ko rijiyoyin makiyaya na arewa, inda babu kwalta sai rairayi, ba shi da wata abokiyar tafiya. Sun kuma ce darajarta ba ta saurin faɗuwa: bayan shekaru ana aiki da ita, idan aka kai ta kasuwa ba a rasa mai saye, tun ba ma daga 2014 ba, da aka gano zinariya a Jado, masu zuwa haƙa suka shiga neman irin waɗannan motoci.

Sai dai abin da ya sa ta daraja shi ne kuma ke jawo mata ido. Kuɗinta ya fi ƙarfin malamin lakkol ko ƙaramin ɗan kasuwa, tayunta huɗu kaɗai jari ne, kuma ita ce ɓarayin hanya suka fi so.

Masu ƙaramin ƙarfi sun tsaya ga Starlet da Corolla da ire-irensu. Yabonsu guda ne: ba su shan mai, ba su yawan ciwo. Kukansu shi ma guda ne: ƙasa-ƙasa suke. A kan kwalta tsakanin Damagaram da Tanut ba su da laifi, amma da an sauka an kama hanyar ƙauye sai ciki ya dafe a rairayi, a fito ana haƙa ana turi. Da damina kuwa, idan ƙorama ta kawo, sai a jira.

Yawancin waɗannan motoci tsofaffi ne da aka gama aiki da su a Turai, aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, aka shigo da su ta Gaya. Kuɗinsu yana bin abin da ke faruwa nesa da Damargu. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsada. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru.

MOTA MAI KWAMFUTA

Akwai wani kuka da masu Fijo da masu Toyota suka haɗu a kansa, shi ne na motocin zamani masu kwamfuta. Irin wannan mota ba ta da kafireto. Wata ƴar na'ura ce ke auna mata mai da iska. Tana da sanyi, tana da gudu, ba ta ɓarnar mai. Amma ran da wata fitila ta kama a gaban direba ta ƙi tashi, bakaniken gari ba shi da ta cewa, sai an ja ta zuwa birni an jona mata na'urar bincike. Ga shi kuma ba ta jure gurɓataccen mai. Shekaru da yawa mutanen jihar Damagaram sun dogara ga man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Tsohuwar mota tana haɗiye shi ta yi tari ta wuce. Sabuwa kuwa yana iya toshe mata hanyoyin mai. Da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu 2023, wannan mai ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai.

MASU CEWA MOTA BA DUKIYA BA CE

Kashi na ƙarshe su ne waɗanda suka taɓa riƙe mota suka rabu da ita. Lissafinsu irin na makiyayi ne. Saniya tana cin ciyawar Allah ta haihu. Mota tana cin kuɗi ta tsufa. Wanda ya sayar da shanu goma ya sayi mota, bayan shekara biyar maƙwabcinsa da ya riƙe nasa yana da garke, shi kuwa yana da ƙarfe. Mutanen Damargu, da suka ga farin 1973 da na 1984, sun san shanu ma suna ƙarewa. Duk da haka sun ce ba su taɓa ganin mota ta haifi ƴar mota ba.

Ga misali kowa ya auna. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 30. A kan farashin da gwamnati ta sa a watan Yuli 2024, wato sefa 499 kowace lita, kuɗin ya kama kusan jika 15, a tafiya ɗaya tak. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya ba, ba a sa asirans da binyet na kowace shekara ba, balle kuɗin duwan da na kartagiris da aka biya tun farko. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka kuwa dangi ne, ba a karɓar kuɗinsu. Shi ya sa wasu suka ce babur da amalanke sun ishe su. Masu mota sukan amsa musu da tambaya ɗaya: mace mai naƙuda fa, a bisa babur za a kai ta?

ABIN DA KOWA YA YARDA DA SHI

Idan aka tattara waɗannan ra'ayoyi, za a ga duk sun tsaya a wuri guda. A nan ƙasar, mota mai daraja ita ce wadda ake iya gyarawa kusa da gida, da kayan da ake samu a kasuwa, da kuɗin da mai ita ke iya biya. Suna da fenti suna zuwa daga baya.

Sun kuma yarda cewa rabin ƙarkon mota yana hannun mai ita. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, idan ba a kakkaɓe ta ba rairayi ya shiga inji ya cinye shi. Ruwan rijiya mai kanwa yana daskarewa cikin lagireto, da bazara inji ya yi zafi ya ƙone. Baƙin mai yana da lokacin juyewa, ko mota ta yi ƙara ko ba ta yi ba. Lodin da ya wuce kima shi ke karya sifirin ya fasa taya, ya kuma hana birki kamawa. A cikin rairayi ana rage iskar taya, a mayar da ita idan an hau kwalta.

Ga mai niyyar saye, shawarar masu motoci ita ce: kada ya je shi kaɗai, ya tafi da bakaniken da zai riƙa gyara masa. Ya leƙa ƙarƙashi, don gishirin da Turawa ke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Kada ya gaskata lambar kilomita da ke gaban direba, ana mayar da ita baya. Ya duba takardu tun bai biya ba. Ya kuma ajiye wani abu a gefe, gama wanda ya zuba duk jarinsa wajen saye, ciwon farko zai jingine motar a ƙofar gida, kaji su yi ƙwai a ciki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.