Jiragen Yaƙi Masu Fiffike Hawa Biyu a Tafin Hannu

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Kowannensu fiffikensa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Irin waɗannan jirage sun daɗe da barin aiki, amma har yau akwai masu harhaɗa ƙananan kwatankwacinsu na roba.

Kayan sukan zo ne cikin kwali, gunduwa-gunduwa, tare da takardar bayani. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1:72, wato kowane santimita ɗaya a jikin ɗan jirgin yana wakiltar santimita 72 a jikin na ainihi. Alal misali, Sopwith Camel, wanda ya shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, faɗin fiffikensa mita 8.5 ne, idan aka rage shi sai ya koma kimanin santimita 12.

Haɗa gangar jikin ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗora fiffiken sama, domin a kan 'yan siraran sanduna yake zaune, kuma da ɗaya ta karkace, sai jirgin duka ya murguɗe. Saboda haka gwanaye kan yanka kwali su tokare fukafukan har gam ya bushe. Daga nan sai wayoyi. Akan gasa ragowar robar a kan kyandir, a ja ta har ta yi siriri kamar gashi, sannan a liƙa ta da hantsaki. Wanda ya sha wannan wahala ba ya bukatar a gaya masa amfanin wayoyin. Da katako da yadi aka yi jiragen, don haka fiffike ɗaya mai tsawo yana iya karyewa. Amma biyu da aka ɗaure da sanduna da wayoyi sun zama tamkar akwati mai ƙarfi, ga rashin nauyi. Illar ita ce wayoyin na tare iska, suna rage gudu.

Wani abin sha'awa, halitta ta riga injiniyoyi. A 2003 aka bayyana ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da, mai suna Microraptor gui, da aka tono a ƙasar Sin, mai dogayen gashin tashi a hannuwa da ƙafafu. A 2007 wasu masana suka kawo ra'ayin cewa hawa biyu take shimfiɗa su, kodayake ba kowa ya yarda ba.

Akwai kuma darasin da bai kamata malami ya bari ya wuce ba. Idan tsawo ya ragu sau 72, faɗin fili yakan ragu sau 5,184, nauyi kuwa sau 373,248. Camel maras kaya ya kai kilo 420. Da za a ƙanƙantar da shi da ainihin kayansa, da kaɗan zai ɗara giram ɗaya. Wannan lissafi ne ya sa ƙafar giwa ta zama kamar turmi, ta sauro kuwa kamar zare, domin nauyi ya fi ƙarfin ƙafa saurin ƙaruwa.

Kayan kwali na da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Amma yaron da ya iya motar kara ya riga ya san rabin aikin. Abin da ya rage masa shi ne rula da lissafi: fiffiken DH.9A mita 14 ne, don haka zai yanka karansa santimita 19 da rabi.