A Gina Gida, A Bar Gona: Shawara Kan Sababbin Unguwannin Gusau

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau, ko ya taso daga Bungudu ya doshi gari, ba ya bukatar a gaya masa cewa Gusau tana cin gonakinta. Inda a ke ganin dawa da gero a dā, yanzu sai turakun awo da tulin bulo. Ba mu ce wannan mugun abu ba ne, gama garin da ba ya ƙaruwa ya kama hanyar mutuwa. Amma ƙasa ba ta haihuwa, abin da aka binne ƙarƙashin siminti kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka mun ga ya kamata mu yi shawara da masu karatu, musamman malaman ofis da malaman makaranta, a kan yadda za a shata sabuwar unguwa ba tare da an kashe ƙasar da ta ke ciyad da mutanenta ba.

Yadda Gari Ya Bunƙasa

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Garin bai yi girman kirki ba sai da aka kawo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Kauran Namoda a 1929. Daga nan kamfanonin ciniki suka zo sayen gyaɗa da auduga, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi suka cika Sabon Gari da Tudun Wada. Watau tun asali arzikin Gusau daga gona ya fito, jirgi dako kawai ya yi.

Bunƙasa ta biyu ta zo ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato aka mai da Gusau babban birninta. Ma'aikata suka zo da iyalansu, kowa yana neman wurin zama. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da dubu 380 a ƙasar Gusau. A 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, ta jawo nata jama'a.

Bunƙasa ta uku ba ta farin ciki ba ce. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Zamfara. Mutane da yawa daga wajen Ruwan Ɓore da Mada da Wonaka da Magami, da na ƙasar Tsafe da ta Bungudu, sun bar gidajensu sun shigo gari neman tsira. Waɗannan bayin Allah dole a sama musu muhalli. Amma a lura da wani abu: muddin gonakin nesa suna da wuyar zuwa, gonakin bakin gari su ne rumbun jama'a. Ga shi kuwa su ne gini ya ke fara ci. Nan ne wuyar al'amarin ta ke.

Lissafin Da Ya Kamata Kowa Ya Yi

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji. Filin gida da aka saba yankawa shi ne ƙafa 50 da ƙafa 100, watau murabba'in ƙafa 5,000. Eka guda tana da murabba'in ƙafa 43,560, saboda haka tana ɗaukar fili 8 da ɗan saura. Amma unguwa ba gidaje kaɗai ba ce. In an fid da hanyoyi da magudanan ruwa da makaranta da masallaci da kasuwa, mu ce fili 5 ya rage a kowace eka. Gida 1,000 ke nan zai ci eka 200. In kuwa muka ƙaddara magidanci guda yana noma eka 5, to, an tashi gonakin magidanta 40 kafin a aza tubali ko ɗaya.

Wannan lissafi ba don a hana gini muka kawo shi ba. Mun kawo shi domin a san cewa kowace unguwa tana da kuɗinta na ɓoye, a kuma tambaya tun da wuri: eka 200 ɗin nan, ta wace irin ƙasa ce?

Ƙasa Ba Ɗaya Ba Ce

Kowane manomi ya san bambancin fadama da jigawa da fako da ƙasa mai marmara. Fadama ita ce uwar rani. A bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau ya wuce Bungudu, a ke noman shinkafa da rake da albasa da tumatir. Ita ce kuma mafi sharri ga gini, gama tana riƙe ruwa, tana cin gindin bango, tana tara sauro. Fako da marmara kuwa ba sa ba manomi kome sai wahala, amma magini ba ya samun abin da ya fi su. Ashe Ubangiji ya riga ya raba mana, saura mu bi rabon. Ƙasar Gusau ba ta rasa tudu mai tsakuwa ba, duk wanda ya dubi wajen dutsen Kwatarkwashi ya san haka.

Abin da ya sa a ke yin akasin wannan shi ne gona a share ta ke, kusa da hanya kuma, mai ita kuwa sau da yawa bukata ta matsa masa. Dillali ya saya da araha, ya yanka ƙanana ƙanana, bai bar hanya mai faɗi ba, bai bar wa ruwa mafita ba. Ran da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa, ko da ta cikin ɗakin wani ce. Ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi a watan Agusta 2024 ta isa ta zama gargaɗi ga dukan garuruwan da su ke bakin gulbi a Zamfara.

Abin Da Doka Ta Ce

Tun dokar ƙasa ta 1910, da wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1962, ƙasar Arewa amana ce a hannun hukuma domin amfanin jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan a kan Nijeriya duka. Ta sa ƙasar birni a hannun Gwamna, ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da izinin zama da noma a karkara. Ta kuma yarda hukuma ta karɓi fili saboda amfanin jama'a. Sai dai diyyar da ta yanka ta abin da ke kan ƙasa ce, watau gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da aka karɓi gonarsa da rani, babu kome a kai sai kara, yana iya tashi da abin da bai kai kuɗin hatsin shekara ba. Mu a ganinmu, kyakkyawan shiri shi ne wanda ya ba irin wannan mutum wata gona a madadin tasa, ko filaye a cikin sabuwar unguwa, don kada a mai da mai gona ɗan haya a kan gadon ubansa.

Akwai kuma dokar tsara birane ta 1992, wadda ta ce a kafa hukumar tsari a Tarayya, da kowace Jiha, da kowace Ƙaramar Hukuma. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin iyakar ƙasar Bungudu ba ta da nisa da Gusau. In kowace hukuma ta yanka filayenta ba ta shawarci maƙwabciyarta ba, ruwan unguwar wannan zai kwana a gidajen waccan. Gusau da Bungudu da Tsafe taswira guda ta kamace su.

Darasi Daga Wasu Wurare

A Ingila an yi doka a 1938 ta keɓe wani ɗamarar fili kewaye da birnin Landan inda ba a yarda a yi gini barkatai ba. Gonaki da dazuzzuka sun tsira har yau. Amma mutanen can da kansu suna kukan cewa hanin ya taimaka wajen tsadar gidaje. Abin koyo shi ne, in ka ce wa mutum kada ya gina a nan, sai ka nuna masa inda zai gina, ka kai masa hanya da ruwa. In ba haka ba, da dare zai gina.

A nan gida, Bature Max Lock ya fito da tsarin birnin Kaduna a 1967, wanda ya hango shekara 50 gaba. Aiki ne mai kyau, amma garin ya tsere wa takardar, domin tsari ba ya tsare kansa, sai an sami masu tsare shi.

Darasi na uku daga 'yan'uwanmu na Maraɗi ya ke. Tun wajen 1983 manoman can suka koma barin kututturen itace ya tofo a gona, suna sassabe shi maimakon su tumɓuke. An ƙiyasta cewa ta haka aka rayad da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. In manomi ya iya zama da gawo a tsakiyar gonarsa, mai awon fili ma ya iya kauce wa tsamiya da ɗorawa da kaɗanya. Itacen da ya shekara 60 yana ba da inuwa, ba a musanya shi da dashen da akuya za ta cinye kafin kaka.

Sharuɗɗan Sabuwar Unguwa

To, ga abin da mu ke ganin ya wajaba kafin a kafa turke ko ɗaya. Na fari, a zaga wurin da damina, ba da rani ba, tare da dagaci da masu unguwa da tsofaffin manoma, a rubuta inda ruwa ya ke bi da inda ya ke kwana. Na biyu, a fid da fadama da bakin rafi daga cikin awo ɗungum, a bar su ga masu lambu. Na uku, a bar burtali da mashaya a buɗe. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965 domin ta san abin da toshe hanyar shanu ya ke haifarwa, mu kuwa a Zamfara mun ɗanɗana shi fiye da kowa. Na huɗu, a keɓe wurin ɗibar ƙasa da yashi, kada kowa ya haƙa kududdufi a bayan gidansa ko ya rarake gaɓar gulbi. Na biyar, a cike kangwaye da filayen da aka killace aka bari a cikin gari kafin a taɓa sabuwar gona. Na shida, a fid da filin makaranta da na wasan yara da maƙabarta tun ran farko, a sa musu shaida, gama tun ran gini ran zane.

Kada kuma a manta da ƙauye. Mutumin Ruwan Ɓore bai baro gonarsa don sha'awar birni ba. Ran da ya sami aminci da hanya da makaranta da asibiti a garinsu, da yawa za su koma, nauyin da ke kan Gusau ya ragu. Gyaran ƙauye rabin tsarin birni ne.

Aikin Malamai

Malamin ofis shi ne mai riƙe da rajista. Filin da aka rubuta na makaranta, ta hannunsa zai bi kafin ya koma kanti. In ya tsaya a kan amana, taswira ta tsaya. Malamin makaranta kuwa yana iya fita da yaransa su auna filin makarantarsu da igiya, su zana taswirar unguwarsu, su ƙidaya itatuwanta, su nuna inda ruwa ya ke bi. Yaron da ya yi wannan da hannunsa, in ya girma ya zama mai awo ko kansila, ba za a ruɗe shi da takarda ba.

Muna roƙon hukumomin da abin ya shafa su dubi wannan magana tun gonakin bakin gari ba su ƙare ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.