Tsuntsu Ɗaya, Suna Biyu: Asirin Sunan Farar Shamuwar Turai

Mutumin Ingila yana kiran farar shamuwar Turai stork. Bajamushe ya ce Storch, mutanen Suwidin da Denmak da Norwe su ce stork, har mutanen Aisilan, waɗanda tsuntsun ba ya sheƙa a tsibirinsu, suna da storkur. Bakinsu ya zo ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda harsunan nan 'yan gida ɗaya ne. Amma ga Holan a tsakiyarsu, ƙasar fadama da magudanan ruwa, inda tsuntsun ya saba sheƙa a kan rufin gidaje, ita ooievaar take cewa. Ina ta samo nata, kuma me sauran suke nufi da nasu?

Bari mu fara da na masu rinjaye. A tsohon Ingilishi an rubuta storc, a tsohon Jamusanci storah, a tsohon harshen mutanen arewacin Turai storkr. Da masana suka jera su, sai suka gano kakarsu, sturkaz, kalmar da ba a taɓa samun ta a rubuce ba, sai dai 'ya'yanta ne suka ba da shaidarta. Wasu sun yi ƙoƙarin haɗa ta da torgos, wato ungulu a harshen Girka, amma wannan hanya ba ta ɓulle ba.

Haske ya fito ne daga dangin kalmar na cikin gida. A Jamusanci stark na nufin mai ƙarfi, starr kuma abin da ya ƙame. A tsohon Ingilishi stearc shi ne sandararre. Dukkansu daga tushe ɗaya suke, ster, mai ma'anar tauri. To, dubi tsuntsun kansa: yakan daɗe tsaye a kan ƙafa ɗaya ko motsi babu, in ya tashi tafiya kuma ya riƙa ɗaga dogayen ƙafafunsa a sandare. Sunansa ke nan, Sandararre. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan tushe ya iso har bakinmu. Sitacin da mai wanki da guga ke sa wa babbar riga ta tsaya ƙyam, daga starch na Ingilishi muka aro shi, shi kuwa ɗan'uwan stark ne na jini.

Saura na Holan. A tsofaffin rubuce-rubucensu kalmar odevare ce, a arewacin Jamus kuma har yau ana jin Adebar. Fassarar da ta fi yaɗuwa ta raba ta biyu: od, wato arziki, da bero, mai ɗaukowa. Mai kawo arziki ke nan. Fassarar ta zauna daram, domin mutanen can suna ɗaukar sheƙarsa a kan gida alamar alheri, kamar yadda muke murna da dawowar shamuwa gab da damina. Suna kuma gaya wa yara cewa shi ke kawo jarirai, labarin da marubuci Hans Christian Andersen ya ƙara yaɗawa da tatsuniyarsa ta 1839.

Sai dai masana da dama suna ganin wannan ma'ana daga baya ta shigo. A ganinsu asalin shi ne uda, wuri mai dausayi, da faran, tafiya, wadda ta haifi fahren na Jamusanci da varen na Holanci. Wato mai yawo cikin fadama, inda yake farautar kwaɗi. Da kalmar ta tsufa aka manta gaɓoɓinta, sai kunnen jama'a ya ji arziki a cikinta, tunda dama abin da zuciyarsu ta yarda da shi ke nan. Ni wannan bayani ya fi kwanta mini, domin ya nuna sunayen biyu duka daga abin da ido ya gani suka fito, ɗaya daga tsayuwar tsuntsun, ɗaya daga wurin kiwonsa.

Ashe Holan ba bauɗewa ta yi ba. Sunayen biyu sun daɗe tare a yankin, shi ya sa a wasu kare-karen harshe na gabashin ƙasar ake jin stork. Ooievaar ne dai ya yi rinjaye a daidaitaccen Holanci, kuma shi ne masu harshen Afirkans suke amfani da shi a Afirka ta Kudu, ƙasar da tsuntsun ke kaiwa a ƙaurarsa idan sanyi ya sauka a Turai.