Filin ƙwallon kwando na jami'ar Zariya: darasi ga matasanmu

 Yau za mu leƙa Zariya, a arewacin Najeriya, mu ga yadda wasan da ya fito daga Amurka ya yi saiwa a wata jami'a ta ƙasar Hausa.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. A wancan zamani, in ana maganar wasa, ƙwallon ƙafa ne sai kokawa da dambe. Ƙwallon kwando kuwa, wanda ake jefawa da hannu cikin raga a saman sanda, baƙo ne. Wanda ya raine shi a can wani Ba'amurke ne, Oliver Johnson, da 'yan wasa ke kira Koci OBJ. Aikin sa-kai ya kawo shi Afirka, ya zauna Zariya, ya share shekaru masu yawa yana horar da ƙungiyar jami'ar.

To, ina sirrin yake? Mutumin bai tsaya ga ɗalibai kawai ba. Yaran gari ma suna zuwa, a koya masu riƙon ƙwallo tun suna ƙanana. Da ma ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cikin yaran akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Ya tafi Amurka karatu, ya buga wasa a Turai, sannan ya koma neman 'yan wasa ga wata ƙungiya, da farko ba ko albashi. A 2010 aka ba shi ragamar ƙungiyar Denver. A 2019, yana shugabancin Toronto Raptors ta Kanada, suka ɗauki kofin NBA, gasar da ta fi kowace girma a duniya. Bai manta gida ba: tun 2003 ya kafa Giants of Africa, mai horar da yara da gina filayen wasa a ƙasashen Afirka. Akwai kuma Ejike Ugboaja, ɗan wannan jami'a, wanda ƙungiyar Cleveland ta zaɓa a 2006.

Me ya sa muka kawo wannan labari? Mu ma muna da jami'a: ta Agadas, da aka kafa a 2014. Kuma kowa ya san halin da samarinmu ke ciki. Tun da aka rufe Cominak a ƙarshen Maris na 2021 aiki ya ragu a Arlit. Wasu sun nufi wuraren haƙar zinariya, wasu sun kama hanyar Aljeriya, kuma mu nan Assamaka muna ganin yadda ake dawowa.

Wasa ba zai ciyar da kowa ba, wannan gaskiya ce. Amma yaron da ke da horo ƙarfe biyar na yamma yana da dalilin zama gida, yana da dalilin riƙe lakwal. Abin da Zariya ta fara da shi ba ya da yawa: daɓen siminti, sanda biyu, ƙwallo, da malamin da ya zauna bai gudu ba.

Saboda haka muna kira ga magadan gari, da iyayen yara, da ku 'yan uwa na waje: in za a aiko da taimako, a sa ƙwallo da raga a ciki. Allah ya raya mana zuri'a.