Zuwa Yola a Ƙaramin Jirgi: Abin da Ya Kamata Matuƙi Ya Sani Kafin Ya Tashi

YOLA: Tsakanin filin jirgin sama na Abuja da na Yola akwai tazarar kimanin kilomita 570 a sararin sama, daga Kano kuwa kimanin kilomita 530. Tafiyar da kan cinye wa mai mota yini guda, ƙaramin jirgi mai farfela kan gama ta cikin awa biyu zuwa uku. Wannan ne ya sa babban birnin Jihar Adamawa ya dace da 'yan kasuwa da sauran masu tuƙa jirginsu da kansu, waɗanda ke son tashi ranar Juma'a su koma gida ranar Lahadi. To amma hanyar tana da sharuɗɗanta, kuma tarihi ya nuna cewa sakaci da su na da tsada.

Filin jirgin yana Jimeta ne, kimanin ƙafa 600 sama da teku, kuma titin saukarsa, mai lamba 17/35, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ce ke gudanar da shi, kuma a 2023 Gwamnatin Tarayya ta raɗa masa sunan marigayi Lamiɗo Aliyu Musɗafa, wanda ya mulki Adamawa daga 1953 zuwa 2010. Rundunar Sojan Sama tana da sansani a wurin, saboda haka ana iya tsayar da ƙaramin jirgi har jiragen soja su tashi ko su sauka. Ɗaukar hoto a ɓangaren soja kuwa abu ne da baƙo zai ƙaurace wa.

Shiri na farko shi ne na takardu. Wajibi ne mai jirgin da ba na haya ba ya mallaki izinin zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA. Wannan izini bai halatta karɓar kuɗin fasinja ba, kuma a 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda saɓa wa ƙa'idojinsa. Haka kuma Hukumar Kwastan ta gudanar da tantance takardun shigo da jiragen masu zaman kansu a 2021 da 2024. Bayan lasisin tuƙi da shaidar lafiyar matuƙi da inshora, sai a miƙa tsarin tafiya ga hukumar kula da sararin samaniya, wato NAMA, aƙalla awa guda kafin tashi, a kuma karanta sanarwar matuƙa ta ranar domin sanin lokutan aikin filin da halin da fitilunsa da na'urorinsa ke ciki.

Batun mai shi ne na biyu. Kananzir ɗin jirgi, wato Jet A1, shi ne ke kasuwa a filayen jiragen ƙasar nan. Fetur ɗin jirgi da ake kira avgas, wanda yawancin ƙananan jirage masu injin fistan ke sha, yana da ƙaranci da tsada, abin da ya sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ta sayo jiragen koyo samfurin Diamond masu shan kananzir. Don haka mai jirgin avgas ya lissafa man zuwa da dawowa tun daga gida, ko ya tabbatar da tanadinsa a Yola kafin ya tashi. Ya kuma ware man kaucewa zuwa wani filin: Jalingo na da nisan kimanin kilomita 130, Gombe kimanin 200. Garwa ta fi su kusa, domin ba ta wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, sai dai tana cikin Kamaru, kuma shiga sararin wata ƙasa na buƙatar izini tun da wuri.

Yanayi ya kasu uku, kowanne da irin haɗarinsa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe kwarin Binuwai har ganin gaba ya gaza kilomita guda, alhali mai tuƙi da ido yana buƙatar aƙalla kilomita biyar. A Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka a rana mai digiri 42 jirgi zai yi aiki tamkar yana tashi daga tudu mai tsayin ƙafa 4,000, wato zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma hawansa zai yi nauyi. Maganin wannan shi ne rage kaya da tashi da sassafe. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa hadari kan taso daga gabas da guguwa mai ƙarfi, galibi da la'asar. Bayanin Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wajibi ne a ranar zuwa da ranar komawa.

Ƙasar ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai tasowa daga Abuja zai ratsa ta gefen kudancin tsaunukan Filato. A kudu da Yola akwai duwatsun Vere, a kudu maso gabas akwai tsaunukan Alantika a kan iyakar Kamaru, can kudu kuma tsaunukan Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang ta haura mita 2,000. Kogin Binuwai da gadar Jimeta su ne alamomin da suka fi fitowa ga mai tuƙi da ido.

Akwai kuma lissafin rana, wanda baƙi kan manta. Agogon Nijeriya ɗaya ne, amma da yake Yola na can gabas, rana kan riga faɗuwa a nan da kimanin minti 20 kafin Abuja, da fiye da rabin awa kafin Legas. A ƙarshen Oktoba kafin ƙarfe shida ta faɗi, kuma duhu ba ya jinkiri bayan magariba. A ranar 25 ga Oktoba, 2012, jirgi samfurin Cessna 208 da Gwamnan Jihar Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ke tuƙawa daga Jalingo ya faɗi a kusa da Yola. Rahoton Hukumar Binciken Haɗurran Jiragen Sama ya ambaci ci gaba da tuƙi da ido bayan faɗuwar rana da rashin shaidar tuƙi da na'ura cikin dalilan haɗarin. Gwamnan bai warke daga raunukan ba har ya rasu a Amurka a 2017. Darasin a fili yake: wanda ba shi da shaidar tuƙin dare ko tuƙi da na'ura ya tsara sauka awa guda kafin magariba.

Bayan sauka, baƙo zai tarar da garuruwa biyu a haɗe. Jimeta, tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, ita ce mazaunin ofisoshin gwamnati da bankuna da babbar kasuwa da yawancin masaukai. Tsohon birnin Yola kuwa Modibbo Adama ne ya kafa shi a 1841, bayan zama a Gurin da Ribaɗu, ya mai da shi hedikwatar Fombina, masarautar da ta mamaye har arewacin Kamaru ta yau. Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso garin a 1851, kuma sojojin Ingila suka ci shi a 1901 a zamanin Lamiɗo Zubairu. Fadar Lamiɗo da gidan adana kayan tarihin Fombina da Jami'ar Amurka ta Nijeriya sun isa cika yinin Asabar, sai dai ziyarar fada na buƙatar neman iso da shiga ta mutunci. Sukur, wurin tarihi na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan gadon duniya a 1999, yana can Madagali, tafiya mai nisa a mota, kuma ba a kama hanyarsa sai da shawarar jami'an tsaro.

Kafin barin filin, ya kamata a biya kuɗin sauka da na ajiye jirgi a karɓi rasit, a ɗaure jirgin da kyau saboda iska, a kuma rufe kafofinsa saboda ƙura. Mafi yawan matsi kan zo ne ranar Lahadi, sa'ad da aikin Litinin ke jira, hazo kuma ya ƙi yayewa. Mai hikima kan bar ranar Litinin a sake, ko ya tanadi kuɗin tikitin jirgin haya zuwa Abuja, ya dawo ya ɗauki nasa in sama ta washe. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ƙarin kwana guda a masaukin Jimeta shi ne mafi araha cikin duk abin da wannan tafiya za ta iya ci.