Idan Firjin Ƙungiya Ya Daina Sanyi

'Yan'uwa manoma, da zarar bazara ta kama, kuka iri ɗaya yakan iso mana daga ƙungiyoyinmu na Anka da Gummi da Bukkuyum: firji yana aiki, amma ba sanyi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A cikinsa ne muke ajiye allurar rigakafin kaji da ta awaki da tumaki, waɗansu kuwa har da insulin na masu ciwon sukari. Allurar dabbobin nan da yawa daga Vom ta Jihar Filato take fitowa, ta yi doguwar tafiya cikin sanyi kafin ta iso. In ta yi zafi a hannunmu, kamanninta ba ya sakewa, amma ƙarfinta ya tafi. Mu yi wa kaji, mu saki jiki, annoba ta zo ta kwashe su. An yi asarar kuɗi, an yi asarar kaji, maƙwabta kuma su daina yarda da allura.

Abin da muke so mu riƙe shi ne wannan: sau da yawa firjin bai mutu ba. Ƙaramin abu ne ya hana shi, wanda mu da kanmu za mu iya gyarawa. Saboda haka mu bi shi daki-daki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai cin kuɗi.

Da farko, a ceci magani

Hannu ba ma'auni ba ne. Kowace ƙungiya ta sa ma'aunin zafi a tsakiyar firji, a duba safe da yamma, a rubuta a littafi. Allura tana son digiri 2 zuwa 8. In ya wuce 8 yana ta hawa, a kwashe magani a sa cikin kula da ƙanƙara, amma a naɗe ƙanƙarar da tsumma don kada kwalba ta taɓa ta. Daskarewa tana lalata insulin da waɗansu alluran ruwa kamar yadda zafi yake yi. Sai magani ya tsira tukuna mu juyo kan firji.

Abubuwa biyar da za mu duba

1. Wurin da yake. Firji ba ya ƙera sanyi. Zafin ciki yake kwashewa ya zubar ta baya ko ta gefe. In an manna shi da bango, ko yana ƙarƙashin kwano a ɗaki marar taga, ina zai zubar? A janye shi kamar taƙi ɗaya daga bango, a nisanta shi da rana da murhu.

2. Ƙura. Hunturu yakan lulluɓe ƙarafan baya da ƙura kamar bargo. A zare waya, a share da buroshi mai laushi, aƙalla sau ɗaya a wata.

3. Robar ƙofa. A sa takarda a bakin ƙofa, a rufe, a ja. In ta zare ba wuya, iska mai zafi tana shiga ta nan. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu. In ta tsage, a sake wata.

4. Ƙanƙara. Waɗansu suna murna in ta yi kauri. Kuskure ne, gama ita ce take tare sanyi. In ta wuce rabin santimita, a kashe firji ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa ko kaɗan. Wuƙa takan huda siririn bututun gas, gyaran kwabo ya zama na dubbai.

5. Kaya da buɗewa. Firjin magani ba na zoɓo da ruwan sayarwa ba ne. Kowace buɗewa sanyi yake zubewa. A bar sarari tsakanin kaya domin iska ta zaga, kada kuma a ajiye allura a jikin ƙofa.

In na lantarki ne

Mu kasa kunne ga baƙin injin nan na ƙasa daga baya, wanda masu gyara suke kira kwamfaresa. In ya yi gunji kaɗan, ya yi ƙas, ya tsaya, ya sake, yawanci wuta ce ba ta da ƙarfi, ko janareta ya yi masa ƙanƙanta. Wutarmu ya kamata ta kai wajen bolt 230. A kashe shi nan da nan, gama in an bar shi yana wannan fama zai ƙone. Sitabilaiza takan taimaka. In an ɗauke wuta aka maido, a jira minti 5 kafin a kunna.

In na kananzir ne ko gas

Irin wannan ba shi da inji. Wuta ce take tura ruwan da ke cikin bututunsa, don haka tilas ya tsaya daidai. A ɗora kwanon ruwa a kansa, a ga ko ruwan ya karkata. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ja ne mai hayaƙi, a datse lagwani daidai, a tace kananzir, a goge bututun hayaƙi.

In na hasken rana ne

A wanke farantin sola da sassafe kafin ya yi zafi. A duba ko reshen darbejiya ya girma ya yi masa inuwa, a duba bakin batir ko ya yi tsatsa. Sababbin da ake sawa a asibitoci ba su da batir. Da rana suke daskarar da ruwa a jikinsu, shi ke riƙe sanyi har gari ya waye.

Maganar "gas ya ƙare"

In duk waɗannan lafiya suke, inji yana ta gudu, bayansa bai yi ɗumi ba, ciki kuma ba sanyi, to, lokacin mai gyara ya yi. Amma mu lura. Gas ɗin firji ba kamar man babur ba ne da yake ƙonewa. A rufe yake, yana zagayawa shekara da shekaru. In ya ragu, lalle akwai ɓula. Wanda ya ɗura bai toshe ba, ya zuba ruwa a kwando, bayan 'yan makonni mu sake biya. Mu ce ya nuna mana inda ya ɓule da kumfar sabulu. Kuma ya sa irin gas ɗin da aka rubuta a jikin inji. Sababbin firji da yawa suna da R600a, wanda yake kama wuta, don haka kada a yi aikinsa kusa da murhu.

Kafin mu sayi wani

A jikin firji akwai 'yar takarda mai nuna zafin da aka ƙera shi ya jure. Mai harafin N ko SN iyakarsa digiri 32, ST 38, T kuwa 43. Firjin gwanjo daga Turai da yawa na 32 ne, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan wuce 40. Ba lalacewa ya yi ba, ƙasar ce ta fi ƙarfinsa. Mu nemi mai T. In an ɗauko shi a kwance daga Gusau ko Sakkwato, a tsayar da shi ya kwana kafin a kunna, domin man inji ya koma mazauninsa.

Tumatir da tattasai na fadama kuwa ba sai sun shiga firji ba. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ta ishe su. Amma ba ta isa ga allura ba.

A taro na gaba, kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai lura da firji, da mataimakinsa, a ba su ma'auni da littafi. Tun ran gini, ran zane.